Barcin Tiyata: Abin Da Ya Kamata Majiyyaci Da Danginsa Su Sani

Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiya, likita mai kula da sa barci a ɗakin tiyata, ya gabatar a babban taron shekara-shekara cikin birnin Zariya



Shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, malamanmu masu daraja, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga iyayensa. Godiya ta tabbata ga Allah da ya sake tara mu a bana cikin ƙoshin lafiya. Ina kuma gode wa shugabannin wannan ƙungiya da suka ga dacewar ba ni wannan dama, alhali a zauren nan akwai waɗanda suka riga ni karatu, suka kuma fi ni sani.

Gabatarwa

Lokacin da sakataren ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, ya ce in zaɓi abin da zan yi magana a kansa cikin sha'anin lafiya. Ban daɗe ina tunani ba. Dalili kuwa shi ne, duk sa'ad da na shigo gari gai da iyaye, ko na tsaya gaisawa da jama'a a ƙofar fada bayan an sauko Juma'a, da wuya in koma gida wani bai ja ni gefe ba, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Likita, an ce za a yi mini aiki. Anya in an sa ni barcin nan zan farka kuwa?" Na lura ba wuƙar likita ce ta fi ba mutanenmu tsoro ba. Barcin ne. Hausawa dai sun ce barci ƙanin mutuwa ne, to ina ga barcin da wani ne zai sa ka, ba ka kuma san sa'ad da za ka tashi ba?

Bari in ba ku labarin wani dattijo, abokin mahaifina, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Ya yi shekaru yana fama da gwaiwa. Likitoci suka ce masa ƙaramin aiki ne, bai fi na awa guda ba. Ya ƙi, domin ya ji an ce wani ya wuce daga barcin tiyata. Ana nan, wata rana da tsakar dare hanji ya shaƙe a cikin gwaiwar. Aka ɗauke shi ranga-ranga yana amai, jininsa ya hau, jikinsa babu ruwa. Dole aka shiga da shi a daren, har sai da aka yanke wani sashe na hanjin da ya lalace. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma sai da ya yi makonni a gadon asibiti. Abin lura a nan shi ne, barcin da ya yi shekaru yana gudu, shi ɗin dai aka sa shi, amma a lokacin da jikinsa ya fi kowane lokaci rauni.

Saboda haka manufar wannan jawabi guda ɗaya ce. Ina so in nuna cewa mafi yawan haɗarin da ke tattare da wannan barci ba a cikin barcin kansa yake ba. Yana cikin jinkirin zuwa asibiti, da abin da majiyyaci ya ɓoye wa likita kafin aiki, da kuma yadda aka kula da shi bayan an fito. Duka ukun kuwa muna da hannu a cikinsu.

Mene ne barcin tiyata?

Hanyoyin hana majiyyaci jin zafin aiki iri uku ne. Na farko, a kashe ɗan wurin da za a taɓa kawai, kamar yadda ake yi wajen cire haƙori ko ɗinke rauni. Na biyu, a kashe sashe guda na jiki, kamar allurar da ake yi a baya, wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙafafu, mutum yana farke yana jin maganar mutane. Da ita ake yi wa yawancin mata aikin ciro jariri a yau. Na uku shi ne cikakken barci, wanda hankali ke gushewa gaba ɗaya, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Ko da yake muna kiran sa barci, ya bambanta da barcin da muke yi a gida. Mai barcin gida in an tsunkule shi zai farka, wannan kuwa ba zai farka ba sai an janye maganin. Abubuwa uku ake haɗawa: maganin gusar da hankali, da maganin kashe zafi, da kuma, in aikin ya buƙata, maganin sassauta tsokar jiki. Ba allura ɗaya ake yi wa mutum a tafi a bar shi ba, kamar yadda wasu ke zato. Maganin ana ci gaba da ba da shi ne kaɗan-kaɗan, ta jijiya ko ta iskar da ake shaƙa, gwargwadon tsawon aikin. Akwai kuma ma'aikaci guda, likita ko nas da ya sami horo na musamman, wanda ba shi da wani aiki sai tsayawa wajen kan majiyyaci daga farko har ƙarshe, yana lura da numfashinsa, da bugun zuciyarsa, da hawa ko saukar jininsa, da yawan iskar oksijin da ke cikin jinin.

Taƙaitaccen tarihi

Neman hanyar yi wa mutum aiki ba tare da azaba ba tsohon abu ne. Likitocin Musulmi na dauri, irin su Ibn Sina, sun yi bayanin tsirrai masu sa maye da kashe zafi, kuma har yau Larabawa da tsohuwar kalmar nan ta banj suke kiran maganin barcin tiyata. A ƙasar Jafan, cikin shekarar 1804, wani likita mai suna Hanaoka Seishu ya cire wa wata mata ciwon dajin nono bayan ya sa ta barci da wani haɗin tsirrai, wanda babban abin da ke cikinsa shi ne zaƙamin nan da muka sani yana fitowa a bayan ganuwa. Sai dai tsakanin abin da zai sa barci da abin da zai kashe a irin waɗannan tsirrai tazarar ƙanƙanuwa ce.

Babban sauyi ya zo ne ranar 16 ga watan Oktoba, 1846, a birnin Boston na Amurka, inda wani likitan haƙori, William Morton, ya shaƙa wa majiyyaci sinadarin eta a gaban taron likitoci, aka cire masa ƙari a wuya bai yi kururuwa ba. Shi ya sa ake tunawa da wannan fanni a ranar 16 ga Oktoba ta kowace shekara. A 1847 James Simpson ya fara amfani da kulorofom a Edinbara, a 1853 kuma aka ba Sarauniya Biktoriya ta Ingila shi wajen haihuwa, abin da ya sa jama'a suka saki jiki da shi. Waɗancan magunguna na farko suna da wari, suna sa amai mai tsanani, wani lokaci ma su tsayar da zuciya. Da yawa daga cikin labaran ban tsoro da muka gada daga kakanni na wancan zamani ne. Magungunan yau sun fi sauƙin sarrafawa, sun kuma fi saurin barin jiki.

Mu a Zariya Allah ya yi mana gata. Ga Babban Asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga tsohon asibitin Wusasa, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ya koma mazauninsa na Shika a shekarar 2005, inda mutane ke zuwa daga jihohi masu nisa. Abin kunya ne a ce na nesa yana amfana, na cikin ganuwa yana zaune da ciwo saboda tsoro.

Kafin ranar aiki: faɗin gaskiya

Kafin a shiga da kai, mai sa barci zai zo ya gan ka, ya yi maka tambayoyi, ya duba bakinka da wuyanka, ya saurari ƙirjinka, ya nemi a gwada jininka. Wannan zama shi ne rabin aikin. Ba a ɓoye wa mai yi maka wanka cibiya. Ga abubuwan da lallai ne ya sani.

Cututtukan da kake ɗauke da su: hawan jini, ciwon sukari, asma, ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta, farfaɗiya, da kuma sikila. Mai sikila yana buƙatar shiri na musamman, domin sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da ƙarancin iska suna iya tayar masa da ciwon. Mace mai ciki, ko wadda take zaton tana da shi, ta faɗa. Mai minshari da ƙarfi, wanda numfashinsa kan tsaya cikin barci, ya faɗa, ko mai ɗakinsa ta faɗa masa. Yaron da ke mura ko tari a sanar, domin sau da yawa ɗaga aikin ya fi alheri.

Dukan abin da kake sha da sunan magani: na asibiti, da na kemis, da na gargajiya. A nan ne mutanenmu suka fi yin nauyin baki, suna ganin likita zai yi musu faɗa in sun ce suna shan jiƙo ko tsimi ko sassaƙe. Ba faɗa za mu yi ba. Wasu daga cikin waɗannan suna hana jini daskarewa, wasu suna wahalar da hanta ko ƙoda, shi ya sa ake son a dakatar da su kamar mako biyu kafin aiki. Magungunan hawan jini da na sukari da na tsinka jini kuwa, kada ka tsayar da su, kada kuma ka ci gaba da su da ra'ayin kanka. Tambayi wanne za ka sha da safiyar ranar, wanne za ka bari.

Sai abin da ya fi wuyar faɗa. Matashin da ke shan taramol ko kodin ko wiwi ko barasa, ya faɗa wa likita a keɓe. Jikin da ya saba da waɗannan abubuwa ba ya karɓar maganin barci da na kashe zafi kamar na sauran mutane. Sirrinka amana ce a wurinmu, ba mahaifinka za mu kai wa ƙara ba. Ina roƙon iyaye su riƙa ba da wuri in likita ya nemi ganawa da yaro shi kaɗai. Mai shan taba kuma ya daina makonni kafin aiki, domin huhunsa ya washe, rauninsa kuma ya yi saurin warkewa.

Haka nan, in wani magani ya taɓa sa maka ƙaiƙayi ko kumburi ko sarƙewar numfashi, ko wani a danginku ya taɓa samun matsala a barcin tiyata, a faɗa, domin akwai irin matsalar da ake gado. A ƙarshe, haƙora: wanda ke girgiɗi, da na roba da ake cirewa, da haƙorin Makka na alhazai da hajiyoyi, duk a nuna wa likita.

Batun barin ci da sha

Wannan ita ce dokar da aka fi karyawa, kuma tausayi ne ke sa a karya ta. In mutum yana farke, maƙogwaronsa yana tsare hanyar iska, abinci ba ya faɗawa huhu. In an sa shi barci wannan tsaro ya tafi. Abin da ke cikin tumbi yana iya tasowa ya gangara huhu, ruwan tumbi kuwa mai tsami ne, yana ƙona huhu. Tun 1946 wani likita a Amurka, Curtis Mendelson, ya bayyana wannan haɗari a kan mata masu haihuwa.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce: awa 6 babu abinci, in abincin mai maiƙo ne ko nama, awa 8, jariri mai shan nonon uwa, awa 4, ruwa zalla kuwa ana iya sha har zuwa awa 2 kafin aiki, sai fa in likitanka ya ce a'a. A lura da kyau: koko, da kunu, da fura da nono, da shayi mai madara, duk abinci ne a wannan lissafi, ba ruwa ba ne. Goro ma a ajiye shi.

Na taɓa ganin yaro ɗan shekara huɗu da aka kawo za a yi masa ƙaramin aiki. Aka tambayi uwar, ta ce bai ci komai ba tun dare. Muna sa shi barci sai ga koko yana fitowa ta baki da hanci. Allah ya taimake mu muka zuƙe da sauri, amma yaron da ya kamata ya koma gida da yamma sai da ya kwana huɗu ana ba shi iska. Daga baya kakarsa ta ce ita ta ba shi, don kukansa ya hana ta sukuni, kuma ai 'yan ludayi biyu ne. Iyayena mata, in hakan ta faru, ku faɗa. Iyakar abin da za a yi shi ne a ɗaga aikin da 'yan awoyi.

Ranar aiki

Za a ba ka rigar asibiti, a ce ka cire zobe, da 'yan kunne, da agogo, da laya ko guru mai ƙarfe a jiki, saboda na'urar tsayar da jini da lantarki take aiki, tana iya ƙona fata a inda ƙarfe yake. Mata su guji jan farce da baƙin lalle a 'yan yatsu, domin suna iya rikita na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini. Za a tambaye ka sunanka, da irin aikin, da ɓangaren da za a yi shi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kada ka ce ma'aikatan sun ruɗe ne. Tsari ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008 don kauce wa kuskure.

A ɗakin tiyata akwai sanyi da fitilu masu haske. Za a sa maka allurar roba a jijiyar hannu, a ɗaura abin awon jini a damtse, a manna wayoyi a ƙirji, a ɗora maka abin shaƙar iska a fuska. Sai a tura maganin. Wanda aka fi amfani da shi, furofofol, fari ne kamar madara, yakan ɗan yi zafi a jijiya. Kafin minti guda ka tafi. Yara ƙanana sau da yawa ta iska ake fara sa su barci. Bayan ka yi nisa ne za a sa bututun numfashi ta baki, ba za ka san an yi ba. Abin da zai biyo baya a saninka shi ne muryar wani yana kiran sunanka, yana cewa an gama. Da yawa sukan yi gardama su ce ai ba a fara ba.

Abubuwan da ake ji bayan farkawa

Tashin zuciya da amai su ne kan gaba, suna samun kusan mutum 1 cikin 3 in ba a ba da maganin rigakafi ba. Sun fi kama mata, da waɗanda mota ke sa su amai. In kana cikinsu ka faɗa tun farko. Sai kaushin maƙogwaro da dishewar murya saboda bututun nan, wanda kan wuce cikin kwana biyu ko uku. Sai rawar sanyi, da bushewar baki, da jiri, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi kamar wanda ya yini noma. Wasu fitsari kan ƙi fita na ɗan lokaci har a sa musu roba. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi kan sa ƙaiƙayi da taurin bayan gida. Duk waɗannan sanannu ne, suna da magani, kuma masu wucewa ne. Zafin wurin aiki ma kada a daure shi don nuna jarumtaka, domin mai jin zafi ba ya iya numfashi sosai ko tari, daga nan ciwon huhu ke samun ƙofa.

Akwai maganin da ake kira ketamin, wanda ake yawan amfani da shi a ƙasashenmu saboda ba ya saukar da jini, ba ya kuma danne numfashi kamar sauran. Mai farkawa daga shi yakan yi mafarkai, ya yi sambatu, ko kuka, ko dariya. Na san wasu magidanta babban tsoronsu shi ne kada su tona asirin kansu a gaban iyali. Ku kwantar da hankalinku, yawancin abin da ake faɗa ba shi da kai ba shi da gindi, abin da muka ji kuma a ɗakin yake tsayawa.

Tsofaffi kuwa wani lokaci sukan ruɗe na kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, musamman da dare. Dattijo ya kasa gane 'ya'yansa, ko ya ce zai tafi gona, ko ya fizge robar ƙarin ruwa. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma aljanu ba ne. A sanar da ma'aikata, domin wani lokaci alama ce ta zazzaɓi ko ƙarancin iska ko rikicewar sukari. A bar fuskar da ya sani kusa da shi, a mayar masa da tabaransa, a riƙa tuna masa inda yake da lokacin da ake ciki.

Ga wanda aka sallama a ranar, maganin bai gama barin kansa ba sai bayan awa 24. Kada ya tuƙa mota ko babur, kada ta tsaya gaban murhu, kada a sa hannu a takardar ciniki ko ta gado, kuma lallai wani babba ya kwana tare da shi. Mai shayarwa tana iya ba jaririnta nono da zarar ta wartsake sosai, sai in likita ya hana saboda wani dalili. Maganar cewa barcin tiyata yana rage kwana, ko ba a yin sa fiye da sau uku, ba ta da tushe.

Manyan haɗurra, da gaskiyar halin da muke ciki

Ba zan tsaya gaban iyayena in ce babu haɗari ba. Akwai, amma ga girmansa. Binciken da aka yi a Birtaniya, aka fitar a 2014, ya nuna cewa farkawa ana tsakiyar aiki yana faruwa ne ga kusan mutum 1 cikin 19,000. Wani binciken na 2018 a can ya nuna mummunan rikicewar jiki saboda ƙin magani yana samun kusan 1 cikin 10,000. Mutuwa saboda maganin barci kansa, ga mai ƙoshin lafiya da aka shirya wa aiki, ana ƙiyasta ta a can da kusan 1 cikin 100,000.

Waɗannan alƙaluman ƙasashen da suka wadata da ma'aikata da kayan aiki ne. Namu hoton daban ne. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, a kan majiyyata 11,422. Aka tarar kusan 1 cikin 5 ya sami wata matsala bayan aiki, kashi 2 cikin 100 kuma sun rasu. Ga wanda aka shirya wa aiki, haɗarin rasuwa ya ninka na sauran duniya sau biyu, alhali majiyyatanmu sun fi ƙuruciya. Amma ga abin da nake so kowa ya riƙe: kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba a ranar aikin suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne. Wato ba barcin ne ya tafi da su ba. Matsala ce ta taso a ɗakin jinya, babu isassun idanun da za su gan ta da wuri. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya tana son a sami aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000, Nijeriya kuwa ko 1 ba ta cika ba.

Aikin dangi

Tun da haka ne, mai zaman jinya ba ɗan rakiya ba ne, abokin aikinmu ne. A zaɓi mutum guda mai natsuwa, wanda ba zai yi barci ya bar majiyyaci ba. Kada a ba shi komai ta baki, ko ruwa ne, ko rubutu, ko zamzam, sai ma'aikata sun ba da izini. In yana amai a juya shi ta gefe. A gaggauta kiran nas in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: numfashi ya yi sama-sama ko ya ja baya ƙwarai, an tashe shi ya ƙi tashi, leɓe ko harshe ya sauya launi, gumi mai sanyi ya rufe shi, jini ya jiƙe bandeji, ciki yana kumbura, zazzaɓi ya taso, ko an yi awoyi babu fitsari. Gara a kira sau goma a ce ba komai da a yi kawaici sau ɗaya.

Dubiya ibada ce, kuma zumuncin Zazzagawa abin alfahari ne. Amma mutum ashirin a kan gado guda, da kwanukan abinci, ranar da aka fito da mutum daga tiyata, wahala ce gare shi. A bari ya kwana biyu. Haka kuma ina roƙon magidanta: in an ce matarka tana buƙatar aikin gaggawa wajen haihuwa, kada a tsaya sai an nemo wa da kawu an yi shawara. In za ka yi tafiya, ka bar izini a bayyane tun kafin naƙuda ta zo.

Kira ga ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, a buɗe rajistar matasanmu masu niyyar ba da gudummawar jini, unguwa-unguwa, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, daga Kaura zuwa Unguwar Juma, tare da rukunin jinin kowa. Na biyu, a ware wani kaso na asusun ƙungiya don biya wa marasa ƙarfi kuɗin gwaje-gwajen da ake yi kafin aiki, domin rashinsa ke sa wasu su koma gida su zauna. Na uku, a sayi na'urorin auna iskar jini na yatsa da na awon hawan jini a raba wa ɗakunan jinya da ke kusa da mu. Kuɗinsu bai kai na buhunan shinkafar da muke rabawa da azumi ba. Na huɗu, mu ƙarfafa wa 'ya'yanmu da ke karatun likita da na jinya gwiwar shiga wannan fanni, musamman mata, domin iyayenmu mata sun fi sakewa da 'yan'uwansu.

Ga kowane ɗayanmu kuma, in an ce za a yi maka aiki, ko a wane asibiti ne, ka yi tambaya huɗu: Wa zai sa ni barci, kuma shi ne zai tsaya a kaina har a gama? Wane iri za a yi mini, na duk jiki ko na rabi? Akwai iskar oksijin da na'urar lura da numfashi? Wa zai kula da ni a daren farko? Inda aka ce maka mai yankan shi ne kuma mai sa barcin, ka nemi wani wuri. Matambayi ba ya ɓata.

Kammalawa

Jama'a, rai da ajali a hannun Allah suke, babu likitan da ya isa ya ƙara wa wani minti guda. Amma Shi ne ya sanar da ɗan Adam wannan ilimi, domin a cire masa cuta ba tare da azaba ba. Wanda aka ce yana buƙatar aiki ya je da wuri, da ƙafafunsa, tun jikinsa yana da ƙarfi. Ya faɗi gaskiya, ya kiyaye dokar ci da sha, danginsa kuma su sa ido bayan an fito. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, ya zaunar da ƙasar Zazzau da Nijeriya lafiya, ya kuma ƙara wa wannan ƙungiya haɗin kai. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne, a gafarce ni.